Bututun ƙarfe mai kankare a ciki: zai ɗauki benen makarantarmu?

Sakatare:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa tsofaffin ɗalibai na gida da na waje. Kun san kwamiti ya amince a ɗora bene a makarantarmu ta unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana. Azuzuwa biyu za su zauna a kan tsohon gini, na ukun kuma zai fito waje ya zauna a kan fila shida, wato ginshiƙai, ƙasansa ya zama rumfar alwala. A kan waɗannan fila shida ne muka kasa daidaitawa jiya bayan Isha'i. Baba Magini ya kawo lissafin fila irin wadda aka saba, rodi da kankaren da ake ɗurawa a akwatin katako. Masta kuma ya ce a kafa fayif, wato bututun ƙarfe, mai inci huɗu a ɗura masa kankare, ya fi sauri, ya fi araha, kuma ba zai tare wa masu alwala hanya ba. Yara ne za su zauna a sama, shi ya sa Malam ya ce a kawo maganar nan kowa ya sa baki, musamman Injiniya.

Masta Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Ni ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Duk wanda ya shiga Magazin, unguwar makanikai da masu walda a Suame, ya ɗaga kai zai ga rumfuna a kan fayif, wasu har injin mota ake rataya musu da sarƙa. Fayif da babu komai a cikinsa, mota ta ɗan goge shi sai ya lotsa, daga nan ya fara sunkuyawa. Wanda aka cika da kankare kuwa, motar ce ke jin jiki. Mai shakka ya samu gwangwanin madara biyu, ya taka fanko ya gani, sannan ya cika ɗayan da yashi ya danna sosai ya taka. Ga shi ba kuɗin katako, ba kuɗin kafinta, ba jiran a kwance katako. Yau a kafa, gobe a ɗura, aiki ya ci gaba.

Baba Magini:
Masta, rumfa daban, bene daban. Kwano ne a kan rumfarka, iska ce kaɗai ke damunta. Nan kuwa dekin ne da bulo da yara. Tun ina yaron magini abin da aka koya mana shi ne ƙarfe a ciki, kankare a waje, don kankaren ya kare ƙarfen daga ruwa da wuta. Kai kuma ka juya abin, ka fito da ƙarfe waje, kuma a wurin alwala inda ruwa ba ya ɗaukewa daga Asuba har Isha'i. Sannan ni in na kwance katako ina ganin aikina da idona, in akwai rami na gani. Cikin fayif wa zai leƙa?

Hajiya Ma'aji:
Ni dai ku tuna kuɗin nan na mata masu koko da waina ne, da 'yan canjin da yaranmu na waje ke turowa. Ba mu da na yin aiki sau biyu. Amma kuma araha ba ta ado.

Ɗalibar Tek:
Baba, Masta, a gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Mun yi wannan darasin a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma abin da Masta ya lura da shi a Magazin yana da tushe sosai.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi. Amma in nauyi ya fi ƙarfinsa, ta gefe yake mutuwa: ya tsattsage a ciki, ya kumbura, ya watse. Shi ya sa Baba ke ɗaura zobba a jikin rodin fila, su ne ke riƙe tsakiyar kankaren kada ta buɗe. Bututu yana yin aikin zobban nan ne, amma ba gibi daga ƙasa har sama. Kankaren da aka hana buɗewa yana ɗaukar fiye da abin da zai ɗauka in yana tsaye shi kaɗai, kuma ko ya gaji ba ya fashewa farat ɗaya, a hankali yake ba da kai.

Shi ma ƙarfen yana cin riba. Bututu fanko, bangonsa ne ke fara naɗewa ciki tun ƙarfen bai gama nuna ƙarfinsa ba. In an cika shi, hanyar ciki ta toshe, sai dai ya kumburo waje, wannan kuwa sai nauyi ya yi yawa sosai.

Abin da ya fi ba ni mamaki a darasin shi ne, da farkon ɗora nauyi bututun ba ya matse kankaren ko kaɗan. Ƙarfe ya fi kankare saurin faɗaɗa ta gefe: in an danna su, ƙarfe na buɗewa da kusan kashi 30 cikin 100 na yadda ya tsuke a tsaye, kankare kuwa kusan kashi 20. Sai nauyi ya kusa kai kankaren iyakarsa, tsaga ta yi yawa a cikinsa, sannan ya kumbura ya tokari bangon ƙarfe, ƙarfen ya rungume shi. Wato matsewar nan ajiya ce ta ranar tsanani.

Masta Mai Walda:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Baba, ka ji ko?

Baba Magini:
Na ji. Amma 'yata, a ina aka taɓa yin bene na gaskiya da shi, ba rumfar makanikai ba?

Ɗalibar Tek:
An yi da yawa, Baba. Dogon benen Taipei 101 a Taiwan, mai tsawon mita 508, da aka kammala a 2004, manyan ginshiƙansa takwas akwatunan ƙarfe ne da aka ɗura wa kankare har hawa na 62, kuma ƙasa ce ta girgiza da guguwa. Hasumiyar Canton a birnin Guangzhou na Chaina, mita 600, ginshiƙai 24 na bututu mai kankare ne suka kewaye ta. Gada ma suna yi da shi: ta Pingnan ta uku a Chaina da aka buɗe a 2020, bakanta ya tsallake mita 575 ba ƙafa a tsakani.

Injiniya:
Salam ga kowa. Malam, barka da dare. Na karanta duka, kuma Sakatare ya turo min zanen. Kafin in ce komai, Masta, kaurin bangon fayif ɗin da kake nufi nawa ne?

Masta Mai Walda:
Milimita 2. Shi ne wanda ake samu da sauƙi, da shi muke yawancin aiki.

Injiniya:
To. Ƙanwata ta yi bayani daidai, kuma Masta bai kauce ba a kan asalin dabarar. Inda nake da ja shi ne girman fayif ɗin. Mu yi lissafi a fili kowa ya gani.

Mu fara da abin da za a ɗora. Kankare mai mita ɗaya ta tsawo da faɗi da tsayi nauyinsa kusan kilo 2,400 ne. Dekin mai kaurin santimita 15 ke nan yana da kilo 360 a kowace murabba'in mita. A ƙara kusan kilo 100 na daɓe da filasta, da kilo 300 da ake ware wa aji saboda yara da benci da tebur. Filar tsakiya a zanen nan tana ɗaukar kusan murabba'in mita 14. In aka haɗa da bim, wato kankaren da ke kwance a kan fila yana riƙe dekin, da bangon bulo da ke bisa kanta, da rabonta na rufi, za a samu tan 17 zuwa 18. Ba a kuma gina fila daidai da nauyinta cif, sai an ƙara rarar kariya, wadda za ta kai mu kusan tan 25.

Yanzu fayif ɗin Masta: faɗi milimita 114, kauri 2, tsawo mita 3, da kankaren da aka kwaɓa da shebur ba awo, mu ce lambar ƙarfinsa 15 a ma'aunin injiniyoyi. Abin da na samu kusan tan 20 ne, kuma wannan in nauyin ya sauka daidai tsakiyar fila. A filar gefe ba ya sauka tsakiya, bim na jan kanta gefe ɗaya, sai adadin ya ƙara raguwa. Ashirin ba ta kai ashirin da biyar ba. Zai iya tsayawa ranar da aka cire katakon dekin, kowa ya ce ai ga shi ya tsaya, alhali rarar da ke kare yaran ce aka cinye.

Mu ɗauki bututu mai faɗin milimita 168, kauri 5, ƙarfe mai lambar ƙarfi 275, kankare mai ƙarfi 25. In gajeren dungu ne, ƙarfen kaɗai na ɗaukar kusan tan 70, kankaren kusan tan 50, jimla 120. A tsawon mita 3, bayan an cire rarar kariya, kusan tan 90 ya rage. In aka miƙa shi mita 6, wannan bututun dai da kankarensa, sai ya dawo kusan tan 45. Ba abin da ya canza sai tsawo. Ga siririn ginshiƙi sosai ma abin ya fi haka muni, masanin lissafi Euler ya nuna tun 1744 cewa in an ninka tsawo biyu, nauyin da zai tanƙwara shi na komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Nan ne nake so a natsu. Matsewar da ƙanwata ta bayyana gaskiya ce, amma ta gajeren ginshiƙi mai kauri ce. Dogo siriri yana tanƙwarewa tun kankaren cikinsa bai kai ga kumbura ba, don haka ajiyar nan ba ya cin moriyarta. Ƙa'idar Turai ta gine-ginen da suka haɗa ƙarfe da kankare, Eurocode 4, ba ta yarda a sa matsewar a lissafi ba sai bututun zagayayye ne, gajere ne gwargwadon faɗinsa, kuma nauyin bai kauce daga tsakiya da kashi ɗaya cikin goma na faɗin ba. Ko bututun 168 a mita 3 ya wuce wannan iyaka, ban sa ta a lissafina ba. Ƙa'idar kuma ba ta karɓar kankaren da ƙarfinsa bai kai 20 ba. Ginshiƙan Taipei da na Guangzhou faɗinsu mitoci ake aunawa, ba inci ba.

Masta Mai Walda:
Injiniya, lissafi naka ne, ba na ja da shi. Amma in za a ƙara girma, me zai hana mu ɗauki mai kusurwa huɗu? Ya fi daɗin walda, faranti na zama a jikinsa daram. Kuma maganar kuɗi, akwai tsofaffin fayif masu kauri a wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa a Akwatia Line, wasu sun fi sabon kasuwa nauyi nesa ba kusa ba.

Injiniya:
Mai kusurwa huɗu yana aiki, kuma gaskiyarka ya fi sauƙin haɗi. Sai dai a kusurwoyi kawai yake matse kankare, shimfiɗaɗɗen gefensa kumburowa yake yi in an tokare shi daga ciki. Shi ya sa ƙa'idar ta fi tsananta masa: ga ƙarfe na yau da kullum mai lamba 235, zagayayye na iya kai faɗin da ya ninka kaurinsa sau 90, mai kusurwa huɗu kuwa sau 52 kawai. In shi kake so, sai mu sake lissafi da kaurin da ya dace.

Tsohon fayif kuwa ban yarda da shi ba a ƙarƙashin aji. Ba takardar da ta nuna irin ƙarfensa, kuma tsatsa ba ta cin ƙarfe bai ɗaya, ramuka take yi. Za ka auna baki ka samu milimita 6, a tsakiya akwai inda ya rage 3. In an taɓa zuba mai a cikinsa, kankare ma ba zai kama shi ba. Ka yi mana shinge da ƙofa da shi, za mu gode.

Baba Magini:
Har yanzu ba wanda ya amsa min tambayata. Ni na san kankare. A cikin akwatin katako mai inci tara ma, in yaro ya yi ha'inci bai soka sosai ba, sai ka kwance ka ga ramuka. To ina ga bututu mai zurfin mita 3 da bakinsa bai kai tafin hannu biyu ba? Tsakuwa ta cushe a tsakiya, ƙasa ya zama iska, sama a shafe da siminti, kowa ya ce an cika. Duk lissafin tan casa'in ɗin nan a kan cikakken bututu ne. Wa ya tabbatar ya cika?

Injiniya:
Baba, wannan ita ce tambaya mafi nauyi a duk zancen nan, kuma ita ce babban raunin wannan dabara. Inda aka bar rami, ƙarfe ne kaɗai ke ɗaukar kaya a wurin, kuma hanyar lotsawa ciki ta buɗe masa.

Akwai yadda ake tsare abin. A wanke cikin bututun, kada a bar ruwa ko maiƙo ko ɓawon tsatsa. Tsakuwa ƙanana za a sa, milimita 10 zuwa 14, ba irin manyan da ake sa wa fandisho ba. Kwaɓin ya yi laushi, amma da sinadarin nan da ke sa kankare laushi, kada a ƙara ruwa, don ƙarin ruwa ne ke kashe ƙarfin kankare. A zuba kaɗan, a zura injin girgiza har ƙasa, a ƙara. A manyan ayyuka ta ƙasa ake tura kankaren da famfo ya hau sama yana korar iska, ko a yi amfani da kankare mai kwanciya da kansa wanda Japan ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1980. Mu namu bai kai nan ba.

Ga kuma awo mai sauƙi da kai za ka riƙe. Bututun 168 mai mita 3 cikinsa kusan lita 60 ne. A auna bokiti a san litarsa, a ƙirga abin da kowace fila ta ci. Wadda ta cika da lita 50, akwai lita 10 na iska a cikinta, a tsaya nan take kafin siminti ya kama. Bayan ya bushe a bi shi da ƙaramar guduma daga ƙasa zuwa sama, inda babu kankare a bayan ƙarfe ƙararsa daban take fita.

Ɗalibar Tek:
In ƙara, Yaya Injiniya: a ɗebi samfuri daga kwaɓin a 'yan akwatunan gwaji masu milimita 150, a kai a murƙushe su a kwana 7 da kwana 28. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi tana nan Fumesua, jami'armu ma tana da ɗakin gwaji. Zan iya kai su da kaina. Abu ɗaya mai daɗi, kankaren cikin bututu ba ya buƙatar a riƙa ba shi ruwa, ƙarfen ya rufe shi, danshinsa ba ya gudu.

Malam:
Allah ya saka muku da alheri. Ni abin da ke raina gobara ce. Mun ga ta kasuwar Kejetia a 2023, ga kuma kicin ɗin masu dafa wa yara abinci dab da rumfar. Ƙarfe a fili in wuta ta same shi fa?

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, a nan filar Baba ta fi, ba musu. Ƙarfe in ya kai zafin digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma a bututu shi ne a gaban wuta. Abin da ke taimakonsa shi ne kankaren ciki na shan zafin, kuma in ƙarfen ya yi laushi kankaren ya karɓi kayan. Bututun da aka cika da kankare zalla yakan ba da kamar rabin awa, in an sa rodi a cikin kankaren lokacin na ƙaruwa sosai. A namu zan sa rodi huɗu a ciki.

Akwai wani abin da masu walda da yawa ba sa yi. Danshin nan da ƙanwata ta ce ba ya gudu, in wuta ta zo tururi yake zama, in bai samu mafita ba yana iya fasa bututun. Dole a huda rami mai faɗin aƙalla milimita 20, ɗaya kusa da sama, ɗaya kusa da ƙasa, a kowane hawa, kuma kada mai fenti ya toshe shi.

Masta Mai Walda:
Ramin ba matsala ba ne, kafin a kafa zan huda. Maganar tsatsa da Baba ya kawo ma ina da amsarta: a ɗaga gindin a kan dakalin kankare ya wuce inda ruwan alwala ke fantsama, a kankare jikin ƙarfen tas, a sa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu sannan fentin mai.

Baba Magini:
Wa zai sake fentin bayan shekara biyar? Kwamitin yau ba shi ne na gobe ba.

Injiniya:
Tambayar Baba tana kan hanya. Cikin bututun ba abin tsoro ba ne, siminti na hana ƙarfen da ya lulluɓe tsatsa. Waje ne matsala, musamman gindi inda ruwa ke kwanciya. Wannan ma wani dalili ne na ƙin milimita 2: tsatsa ta ci milimita ɗaya, rabin ƙarfen ya tafi. A milimita 5 kashi ɗaya cikin biyar ne, kuma ido zai gani kafin abu ya yi nisa.

Ɗan Nima:
Salam daga Akra. Ni ba magini ba ne, amma ina garin nan lokacin da benen wani kanti a unguwar Achimota ya rufta a Nuwamba 2012, mutum fiye da goma suka rasu. Da injiniyoyi suka bincika, rashin ingancin kankare suka nuna, kuma aka ce ginin ba shi da takardar izini. Don haka ni ko bututu ko katako, abin da nake roƙo a yi zane da sa hannun injiniya mai rajista, a kai ofishin ƙaramar hukumar Asokore Mampong a karɓi izini. Ƙasarmu tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2018, a bi shi. Na biyu, Injiniya, aji a sama, ƙasa fili sai fila shida ba bango, in ƙasa ta motsa fa? Mu nan ana yawan tuna mana girgizar 22 ga Yuni 1939 da ta kashe mutum 17, kuma har yanzu mutanen Weija da McCarthy Hill kan ji motsi lokaci zuwa lokaci.

Injiniya:
Kumasi ba ta cikin haɗarin girgiza kamar Akra, amma tambayarka tana da amfani ko don iska. Bututu mai kankare yana daga cikin ginshiƙan da suka fi jure girgiza, domin yana lanƙwasa ba tare da ya tarwatse ba. Sai dai a ƙananan gini irin wannan ba tsakiyar fila ce ta fi ba da matsala ba, kanta ne da gindinta.

Ku duba kan filar. In bim ya zauna a kan bakin ƙarfen kawai, kankaren ciki kuwa ya tsaya ƙasa da baki da ɗan yatsa, to ƙarfe ne ke ɗaukar kayan shi kaɗai a wurin, don riƙon da ke tsakanin bangon ƙarfe mai santsi da kankare ɗan kaɗan ne. Dole kankaren ya cika dam daidai da baki, farantin ƙarfe mai kauri ya zauna a kan su biyun, rodin ciki kuma ya ratsa ta farantin ya shiga bim a zuba su tare. A gindi ma faranti ne da ƙusoshi masu noti da aka binne a fandisho, ba a soka fayif a rami a zuba siminti ba. Waldar farantin nan ta zagaye gaba ɗaya, Masta, kuma kai za ka yi ta da hannunka, ba yara ba. Sannan dekin sabon ajin a ɗaure shi da na tsohon gini, ko a gina bango a tsakanin fila biyu ta gefen da ba hanya ba, don a hana rumfar rangaji.

Akwai kuma abin da bai shafi bututu ko katako ba. Tan 25 na sauka a wuri ɗaya, ƙasa ce za ta karɓe shi, Aboabo kuwa akwai inda ƙasa ke riƙe ruwa, musamman ta wajen rafi. Tsohon ginin ma an yi shi ne don hawa ɗaya. Sai an tona gefen fandishonsa an ga faɗinsa da zurfinsa kafin a ɗora masa azuzuwa biyu. Wannan ya fi maganar fila shida damuna.

Hajiya Ma'aji:
To Injiniya, ka faɗa mana a taƙaice, in kai ne mai kuɗin wanne za ka yi? Don na ga arahar da Masta ya zo da ita ta fara guduwa.

Injiniya:
Hajiya, arahar tana cikin milimita 2 ne, kuma shi ne wanda ba zai yiwu ba. Bututu mai kauri 5 ba shi da araha, farashinsa na bin dala, sai dai yana rage katako da kafinta da lokaci, kuma siriri ne, ba kusurwar da yaro zai buga kai a wurin alwala. Duka biyun za su ɗauki ajin in an yi su daidai, kuma zan sa hannu a kan kowanne. In ni ne, saboda ruwa da kicin da maganar fentin da Baba ya yi, na fi karkata ga filar rodi da kankare a wannan wurin. Barandar gaba da za a yi daga baya, mai ɗaukar kwano kawai a busasshen wuri, ita ce wurin bututun Masta.

Masta Mai Walda:
Ban gamsu gaba ɗaya ba, Injiniya. Kai da bakinka ka ce tan 90 a inda ake neman 25. Filar rodi da kankare ma tsatsa na cin rodinta a ɓoye in ruwa ya shiga, mun sha ganin kankare na ɓarewa a gindin fila a masallatai, rodi a waje ja wur. Nawa aƙalla tsatsarsa a fili take. Ku bar ni in kawo farashin bututun 168 tare da faranti da walda da fenti, Baba ya kawo nasa da katako da kafinta, a ajiye su gefe da gefe.

Baba Magini:
Wannan ɓarewar da kake gani, rodi ne aka manna da katako ba a bar masa kaurin kankare ba. Ni ina sa 'yan ƙwallayen siminti a tsakani, kuma a wurin ruwa ina ƙara kaurin. Amma kawo farashinka, ba laifi. In kwamiti ya zaɓi bututu, ni zan kwaɓa, ni zan riƙe bokitin awo, kuma ba mai ƙara ruwa a gabana.

Sakatare:
Madalla. Masta da Baba, farashi a rubuce kafin zaman kwamiti na Lahadi, kowanne bisa girman da Injiniya zai turo. Hajiya, a ware kuɗin gwajin kankare da na takardar izini tun yanzu. Injiniya, yaushe za ka iya shigowa Kumasi?

Injiniya:
Juma'a da dare in sha Allah. Asabar da safe a tona ramuka biyu, ɗaya a kusurwar tsohon gini ta wajen kwata, ɗaya inda filar tsakiya za ta tsaya. Kada a mayar da ƙasa sai na gani.

Baba Magini:
Zan zo da yara biyu da diga bayan Asuba. Sakatare, a faɗa wa masu dafa abinci su matsar da murhu daga kusurwar.